An kama ɗan'uwanka da ɗaukar kaya a kanti karon farko: hukuncin da alƙali zai iya yankewa da yadda ake shirya masa

Abin da na lura da shi shi ne yawancin mutanen da ake kai wa kotu kan ɗaukar kaya a kanti karon farko, ba girman laifin ne yake kai su gidan gyaran hali ba, rashin shiri ne. Yaro ya ɗauki turare ko madarar gwangwani ko cajar waya, an kama shi ranar Talata, ranar Laraba an tsayar da shi gaban majistare, an karanta masa tuhuma da Turanci, ya ce ya amsa, alƙali ya ce wata shida ko tara, ba kowa nasa a kotun balle a biya, shikenan an saka shi a mota. Alhali doka ta ba alƙalin nan hanyoyi da yawa da ba ɗauri ba, har da wadda za a sallami mutum ba tare da an rubuta shi a matsayin mai laifi ba, amma sai an samu wanda ya roƙa kuma ya kawo dalili. Toh wannan shi ne abin da nake so mu bi daki-daki, kuma lambobin sassan da zan kawo na dokokin da ake aiki da su a Abuja ne, wato kundin dokar laifuka da ake kira Pinal Kod da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da ake kira ACJA. Jihohi suna da nasu kwafin, Kaduna ta yi nata a 2017, Kano a 2019, tsarin kusan ɗaya ne amma lambobin sassa kan bambanta, don haka lauyan jiharku ne zai nuna maka daidai wurin.

Mu fara da laifin kansa. Sashe na 286 na Pinal Kod ya ce sata ita ce mutum ya motsa dukiyar wani daga hannunsa ba da izininsa ba, da niyyar ɗauke ta ta hanyar rashin gaskiya. Ka lura da abu biyu a nan. Na farko ba sai ka fita daga kantin ba, idan ka cusa abu a cikin riga ko a ƙarƙashin hijabi da niyyar tafiya da shi, motsawar ta riga ta faru. Na biyu dole sai da niyya, matar da yaronta ya jefa cakulan a jakarta ba ta sani ba, ko wanda waya ta ɗauke masa hankali ya wuce wurin biyan kuɗi da abu a hannu a fili, wannan ba ɓarawo ba ne a doka, kuma bai kamata ya amsa laifin da bai yi ba don kawai a gama da wuri. Sashe na 287 ya sa hukuncin sata ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 288 kuma na satar da aka yi a cikin gini da ake zama ko ake ajiyar kaya, shi yana kaiwa shekara 7, kuma 'yan sanda kan rubuta shi a kan satar shago. In mai aiki a shagon ne ya ɗauka, 289 ne, shi ma 7. Waɗannan shekarun su ne ƙololuwa, ba su ake fara ɗauka ba, sashe na 416 na ACJA ma ya faɗa ƙarara cewa kotu ba za ta yanke wa mai laifin farko hukunci mafi tsanani ba. Abu ɗaya da yake juya kes ɗin gaba ɗaya shi ne amfani da ƙarfi, in mutum ya naushi mai gadi ko ya ji wa wani ciwo don ya tsere da kayan, magana ta tashi daga sata tana neman komawa fashi, kuma duk sassaucin da zan lissafa a ƙasa ya yi nisa.

A cikin kantin

Idan kai aka tare, ka tsaya. Kada ka gudu dan Allah, duk mun san abin da ihun ɓarawo yake jawowa a kasuwa, mutane sun rasa rayukansu a kan abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba. Masu gadi suna da ikon riƙe wanda suka gani yana aikata laifi amma aikinsu su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, ba su da ikon duka, ba su da ikon tuɓe mutum ko rataya masa kaya a wuya su ɗauki bidiyo su watsa a Facebook da TikTok. Wasu kantunan kuma suna da al'adar cewa sai ka biya ninkin kuɗin kaya sau kaza kafin su sake ka, wannan ba tarar kotu ba ce, sharaɗinsu ne kawai. In iyali sun ga gara su biya a kashe maganar a nan, toh a biya da rasit, a rubuta cewa an biya kuɗin kaya kaza kuma kanti ba shi da sauran ƙorafi, manaja ya sa hannu. Biya ba takarda shi ne ka biya yau gobe kuma ka ga sammaci.

Caji ofis

Nan ne ake yawan lalata kes tun kafin a ga alƙali. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani nasa da ya zaɓa, kundin tsarin mulki na 1999 ne ya ba shi a sashe na 35, kuma shi dai wannan sashen ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. Ba a sa hannu ko dangwale a kan bayanin da ba a karanta maka ba, in da Turanci aka rubuta ka ce a fassara maka kalma-kalma, domin sau da yawa mutum zai ce na ɗauki kwalba ɗaya sai a rubuta ya amsa duk kayan da suka ɓata a shagon tun watan jiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuɗin da aka rubuta a takardar shi ne alƙali zai duba wajen tara da diyya. Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne a doka, ko da yake kowa ya san yadda ake fama, kuma ba a kama uwa ko mata ko ƙani a madadin wanda ake nema, sashe na 7 na ACJA ya haramta. In ba ku da kuɗin lauya ku nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, tana da ofis a manyan biranen jihohi kuma aikinta kenan tun 1976, mata kuma za su iya neman ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Yanzu aikin iyali, kuma wallahi wannan shi ne rabin shari'ar. Tun yana caji ofis a samu babba mai mutunci, kawu ko baffa ko limamin unguwa ko mai unguwa, ya je wurin mai kantin da kansa. Ba a tura matasa masu zafin kai, ba a zuwa da musu ko barazana. A je a ce Alhaji yaron nan namu ne, ya yi abin kunya, mun zo mu biya abin da ya ɗauka mu kuma ba da haƙuri. Yawancin masu shago ba ɗaurin yaro suke so ba, kayansu suke so da kuma kada a maimaita, ga shi zirga-zirgar kotu tana cinye musu lokacin kasuwa. In ya haƙura, a je tare gaban ɗan sandan da ke riƙe da kes ɗin ko DPO a rubuta janyewa. In kuma an riga an kai kotu, ba a makara ba, sashe na 355 na ACJA ya ba mai ƙorafi damar ya nemi janye ƙorafinsa kafin a yanke hukunci, idan kotu ta gamsu da dalilinsa ta yarda, sai a sallami wanda ake tuhuma a wanke shi. Wannan ita ce mafita mafi kyau duka, ba tara ba ɗauri ba tabo. Sai dai a yi ta a fili a gaban hukuma, kada a ba wani kuɗi a ɓoye don ya ƙi zuwa ba da shaida, wannan wani laifin ne daban.

Ranar da za a karanta tuhuma

A arewa ana kawo irin wannan kes ne da takardar rahoton farko ta 'yan sanda, FIR. Ga yadda abin yake a zahiri: ɗakin kotu cike, an jero mutum goma ko fiye a benci, magatakarda ya kira suna, mutum ya shiga akwati, a karanta takardar da sauri, a tambaye shi ka gane, ya ce eh, a ce gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne. Cikin minti biyar an gama da shi an kira na gaba. Wanda ya kwana biyu a sel bai yi wanka ba, kunya ta rufe shi, ga wani ya raɗa masa cewa in ka amsa yanzu za a sake ka, ba abin da yake so irin a gama. A nan ne nake cewa a yi hattara. Kana da damar a ba ka tafinta kyauta in ba ka jin harshen kotu, kana da damar ka ce ya mai shari'a ina roƙon a ba ni lokaci in nemi lauya, kuma alƙali ba zai ɗauki amsa laifi ba sai ya gamsu ka fahimci abin da kake amsawa. In takardar ta ce kayan dubu ɗari biyu alhali na dubu takwas ka ɗauka, kada ka ce gaskiya ne, ka faɗi abin da ka ɗauka da bakinka.

Shin a amsa ko a musa? Ra'ayina a nan a fili yake. In mutum ya ɗauka da gangan, kyamara ta nuna shi, an samu kayan a jikinsa, musu ba zai amfane shi ba, zai ja shari'ar wata da watanni, in bai cika sharuɗɗan beli ba yana tsare duk tsawon lokacin, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halin Najeriya masu jiran shari'a ne ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. Amsawa da nadama tana sa alƙali ya sassauta. Amma a amsa a ranar da aka shirya, wato kuɗin kaya yana hannu, kuɗin tara yana hannu, mai tsaya masa yana zaune a kotu, lauya ya san abin da zai roƙa. In kuwa kuskure ne na gaskiya ba niyya, a musa, a nemi beli, a nemi a kawo hoton kyamarar, domin mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifi ba kai ne za ka tabbatar da gaskiyarka ba. Kan beli kuma, a tanadi mai tsayawa da katin shaida da adireshin da za a iya zuwa a gani, kuma mace tana iya tsayawa, sashe na 167 ya hana a ƙi ta don kawai mace ce, duk wanda ya ce maka sai namiji ba doka yake faɗa maka ba.

Hukunce-hukuncen da ke gaban alƙali

Na farko, kuma shi ne wanda nake so kowa ya riƙe lambarsa, sashe na 454 na ACJA. Ya ce idan kotu ta ga an tabbatar da tuhuma, amma ta duba halin mutum da tarihinsa da shekarunsa da lafiyarsa, ko ƙanƙantar laifin, ko yanayin da ya sa aka aikata shi, ta ga hukunta shi ba shi ne maslaha ba, tana iya kore tuhumar, ko ta sallame shi bisa sharaɗin ya ɗauki alkawari a rubuce cewa zai kiyaye halinsa kuma zai dawo duk lokacin da aka neme shi, na wani lokaci da ba zai wuce shekara 3 ba. Abin da ya sa wannan ya fi sauran shi ne ana yin sa ba tare da an kai ga rubuta mutum a matsayin wanda aka samu da laifi ba. Ga ɗalibi, ko mai neman aikin gwamnati, ko budurwar da ake maganar aurenta, bambancin nan ya fi kowace tara muhimmanci. Kotu tana iya haɗawa da biyan diyya ga mai kanti, tana iya sa mutum a ƙarƙashin kulawar jami'in sa ido ya riƙa zuwa yana bayyana kansa, kuma in ya karya sharaɗi za a dawo da shi a yanke masa hukuncin laifin farkon. Alƙalai da yawa ba sa ɗauko wannan sashen da kansu saboda yawan kes da sauri, sai lauya ya miƙe ya ambace shi ya ce ga dalilai, shi ya sa ko lauyan rana ɗaya ne a samo.

Na biyu tara, ita ce aka fi yankewa. Yawanci za ka ji an ce wata kaza a gidan gyaran hali ko zaɓin tarar naira kaza. Kalmar zaɓi ita ce abin saurare, in babu ita ɗauri ne kai tsaye. Doka ta ce a duba ƙarfin mutum wajen sa tara, kuma kotu tana iya ba da lokaci ko ta yarda a biya kashi-kashi, amma nan ma sai an roƙa. Kuma tara daban diyya daban, tara ta gwamnati ce, diyya ta mai kaya ce, ana iya haɗa wa mutum duka biyun, don haka a zo da shirin biyun. A biya a wurin da kotu ta ce a karɓi rasit na hukuma, kada a damƙa wa wani a baranda. Kada ka raina maganar zuwa da kuɗi a ranar, a watan Nuwamba na 2023 ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar a Kuje da shirin sakin fursunoni 4,068 da suke zaune saboda sun kasa biyan tara da diyyar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, aka tara naira miliyan 585 aka biya musu. Dubban mutane kenan da alƙali ya riga ya ba su hanyar komawa gida, rashin kuɗin ne kawai ya riƙe su. Sai dai a sani, wanda ya biya tara an same shi da laifi, sunansa ya shiga cikin masu laifi, ba kamar na sashe na 454 ba.

Na uku aikin al'umma da kuma ɗaurin da aka jingine, duka suna sashe na 460. Aikin al'umma shi ne a ce ka share harabar kotu ko titi ko kasuwa, ko yanke ciyawa da kwashe shara na wasu kwanaki, kana kwana a gidanku. Jingine ɗauri kuma shi ne a yanke maka amma a ce ba za ka shiga ba muddin ka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019, wadda ta canza sunan gidan yari, ta kafa ɓangare na musamman mai kula da irin waɗannan hukunce-hukuncen da ba na tsarewa ba. Amma akwai ƙa'ida a wannan sashen, ba a bayar da su a laifin makami ko na lalata, ko laifin da hukuncinsa ya wuce shekara 3, kuma mun ga ƙololuwar sata shekara 5 ce, don haka kada ka shiga kotu kana ganin haƙƙinka ne. Duk da haka kotunan Abuja sun sha sa masu ƙananan sata shara, lauya zai duba yadda aka rubuta tuhumar da yadda dokar jiharku ta tsara ya san ta inda zai roƙa. Wasu suna jin kunyar a gan su da tsintsiya, ni kuwa ina ganin sati biyu na shara ya fi wata uku a gidan gyaran hali na Kurmawa ko Goron Dutse ko Kuje nesa ba kusa ba, domin yaron da ya shiga can a kan turare da manyan masu laifi zai kwana ya tashi, kuma ba lallai ya fito yadda ya shiga ba.

Akwai bulala, Pinal Kod ta yarda a yi wa namiji da ba ta wuce 12 ba, a madadin wani hukuncin ko a ƙara a kai, ba a yi wa mata. Akwai kuma yarjejeniyar amsa laifi ta sashe na 270, inda lauya da mai gabatar da ƙara za su daidaita a rubuce kan abin da za a amsa da hukuncin da za a nema da abin da za a mayar wa mai kaya, alƙali ya duba ya amince ko ya ƙi, an fi jin ta a manyan kes na kuɗi amma ba a hana ƙarami ba. Sai na ƙarshe ɗauri ba zaɓi, wanda ga mai laifin farko a kan ƙaramin kaya bai kamata a kai nan ba, abin da ke kai mutum shi ne kaya masu tsada, ko an haɗa baki da wasu an shirya, ko amanar aiki ya ci, ko ya yi wa kotu tsaurin ido. In har an kai nan a tuna wa kotu ta lissafa kwanakin da ya riga ya yi a tsare, doka ta ce a cire su.

Roƙon sassauci

Bayan an samu mutum da laifi kafin a faɗi hukunci, alƙali zai tambaya ko yana da abin cewa, kuma zai tambayi mai gabatar da ƙara ko an taɓa kama shi a baya. Wannan minti biyun su ne komai, kuma yawanci abin da ake ji shi ne sharrin shaiɗan ne a yi min afuwa, alƙali ya ji wannan sau goma tun safe. A faɗi abin da za a iya nunawa. Misali: ranka ya daɗe ban taɓa shiga hannun hukuma ba, kayan an mayar ga rasit, na ba mai shagon haƙuri ga shi can zaune, ina aji uku a makaranta ga katina jarrabawa saura sati biyu, mahaifina yana nan zai tsaya min, ina roƙon a sallame ni bisa sharaɗi. Kowace jimla a nan akwai takarda ko mutum a bayanta. In mace ce mai shayarwa ko mai ciki a faɗa, in shi ke ciyar da iyaye a faɗa, in yunwa ce ta sa aka ɗauki abinci a faɗa ba tare da ƙari ba. Kada a yi ƙarya ko ɗaya, in aka kama ƙarya ɗaya sauran maganar duk ta zube. A zo da tufafi masu tsabta, a zo da wuri, a bar alƙali ya gama magana.

Wani abu da iyalai ke ɓoyewa saboda kunya alhali zai taimaka: akwai mutanen da suke ɗaukar abin da ba sa buƙata kuma suna da kuɗin saye, abin yana fin ƙarfinsu, wannan lalura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, haka wanda shaye-shaye ya tura shi. Tunda sashe na 454 ya ambaci lafiya da yanayin hankali, takardar likita daga asibiti irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna tana iya sa kotu ta zaɓi magani da sa ido maimakon ɗauri, kuma ko ba don kotu ba ai gara a nema masa magani kafin a sake kama shi karo na biyu, lokacin da ba sauran rangwamen mai laifin farko.

In kotun shari'ar Musulunci aka kai

A jihohin da suka ɗauki dokokin laifuka na shari'a tun daga shekarar 2000 ana iya kai Musulmi can, kuma da an ji sata hankalin iyaye yake tashi saboda haddi, ana tuna Buba Jangebe da aka yanke wa hannu a Zamfara a shekarar 2000 kan satar saniya. Haddi yana da sharuɗɗa masu tsauri, sai kaya sun kai nisabi wanda a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne na zinare, sai an fitar da su daga ma'ajiyarsu, sai an tabbatar da shaidu biyu adalai ko iƙirarin mutum da kansa ba tilas, kuma shubuha tana kawar da haddi. In sharaɗi ɗaya ya faɗi sai a koma ta'aziri, wato abin da alƙali ya ga ya dace na bulala ko tara ko ɗauri ko gargaɗi. Abin kiyayewa shi ne iƙirari a nan yana da nauyi sosai, don haka kada mutum ya buɗe baki ya amsa komai sai ya zauna da lauyan da ya san fiƙihu da dokar jihar, kuma sulhu da mai kaya ya fi amfani tun kafin magana ta isa gaban alƙali.

In yaro ne da bai kai 18 ba, lissafin daban ne. A Pinal Kod ɗan ƙasa da shekara 7 ba ya laifi sam, daga 7 zuwa 12 sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya yi. Dokar haƙƙin yara ta 2003 da takwarorinta na jihohi sun ce a kai shi kotun iyali, ba a haɗa shi da manya a tsare, ba a yaɗa sunansa, kuma an ba 'yan sanda damar kashe ƙaramin kes ta hanyar sulhu da gargaɗi ba tare da an je kotu ba. A je da takardar haihuwa ko ta makaranta tun ranar farko, domin in aka rubuta masa 19 a takardar 'yan sanda gyarawa tana da wahala.

Bayan an gama

Dalilin da ya sa nake ta nanata a nemi janyewa ko sallama bisa sharaɗi kafin a yi maganar tara shi ne abin da ke biyo baya. Fom ɗin shiga soja da ɗan sanda da kwastan suna tambaya ko kotu ta taɓa samunka da laifi, takardar shaidar hali ta 'yan sanda da ake nema wajen fita waje ita ma haka, fom ɗin biza na ƙasashe irin su Ingila da Kanada suna tambaya, kuma ƙarya a wurin ta fi laifin kansa illa. Har takara, kundin tsarin mulki ya hana wanda aka yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya tsayawa majalisa sai bayan shekara 10. In kuna ganin hukuncin ya yi tsanani ana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, galibi cikin kwana 30, kuma wanda ya amsa laifi da bakinsa yawanci a kan tsananin hukuncin zai yi ƙorafi ba a kan samunsa da laifi ba. Ko yaya aka ƙare, a koma wurin magatakarda a nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, a haɗa da rasit ɗin tara da na diyya da takardar janyewar mai kanti a ajiye wuri ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya. In sallama bisa sharaɗi aka samu a rubuta ranar da wa'adin zai cika da ranakun zuwa wurin jami'in sa ido, in kuma za a yi tafiya ko a canza gida a sanar da shi tukuna, domin rashin zuwa sau ɗaya ba bayani yana iya sa a sake fitar da takardar kamu.